Ƙuri'ar Rage Baƙi a Ƙasar Suwizalan

Ran Lahadi, 7 ga watan Yuni, 1970, mazajen ƙasar Suwizalan suka fita jefa ƙuri'a a kan tambaya guda: shin a rage baƙin da ke zaune cikin ƙasar, ko kuwa a bar su? Da masu cewa a rage ne suka rinjaya, da mutum wajen 300,000 sun ɗaure kayansu sun fita cikin shekara huɗu, galibinsu Italiyawa. Ba Gwamnati ce ta ta da wannan magana ba, ba kuwa manyan jam'iyyu ba. Wata 'yar ƙungiya ce, wadda wakilinta ɗaya tak ne a Majalisa, ta bi kasuwanni da ƙofofin ma'aikatu da takarda a hannu tana roƙon mutane su sa hannu, har ta tilasta wa ƙasa duka ta tsaya ta ba da amsa.

Suwizalan ƙaramar ƙasa ce ta duwatsu a tsakiyar Turai, tsakanin Jamus da Faransa da Italiya da Ostiriya. Girmanta bai kai na tsohon Lardin Kano ba, watau Kano da Jigawa in an haɗa, mutanenta kuwa a 1970 miliyan shida ne da 'yan kai. Harshe huɗu a ke yi cikinta, amma masu Jamusanci suka fi yawa, sa'an nan masu Faransanci, sa'an nan masu Italiyanci a kudu. An raba ta larduna-larduna, kowane lardi da majalisarsa da dokokinsa, kowane gari kuma da nasa ikon. Gwamnatin Tarayya tana birnin Bern.

Akwai wata ƙa'ida cikin tsarin mulkinsu wadda in ba a gane ta ba, ba za a gane labarin nan ba. A yawancin ƙasashe, in talakawa suka rubuta takardar koke, mai mulki ya ga dama ya duba, ya ga dama ya sa a ajiye cikin akwati har gara ta cinye. A Suwizalan kuwa, tun 1891, kowane ɗan ƙasa yana da iko ya rubuta gyaran da ya ke so a yi wa tsarin mulki, ya fita neman masu goyon bayansa. In ya sami mutum 50,000 suka sa hannu, sai a kai takardun ofishin kowane gari, akawu ya bi sunayen ɗaya-ɗaya ya gwada da littafin masu ƙuri'a, ya soke na bogi da wanda ya sa hannu sau biyu. In adadi ya cika, ba mai ikon danne maganar. Majalisa ta iya cewa ba ta so, ta iya ba jama'a shawara su ƙi, amma tilas a kai gaban jama'a. Kafin abin ya zama doka sai ya sami rinjaye iri biyu, na yawan mutane da na yawan larduna. A 1977 aka ɗaga adadin zuwa 100,000, domin mata sun shigo cikin masu ƙuri'a.

To, ta yaya baƙi suka yi yawa a 'yar ƙasar nan? Kiransu aka yi. Suwizalan ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, saboda haka da aka gama yaƙi ma'aikatunta na nan daram, alhali na maƙwabta sun zama kango. Ciniki ya buɗe, aiki ya fi ƙarfin hannuwan da ke akwai. Italiya kuwa ga majiya ƙarfi birjik, ba aikin yi. A 1948 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya ta ɗaukar ma'aikata. Da fari mutanen arewacin Italiya suka riƙa zuwa, daga baya na kudu, daga Kalabiriya da Sisili da sauran wuraren da talauci ya yi kanta. Su suka gina hanyoyi da madatsun ruwa, suka huda duwatsu, suka tsaya gaban injin saƙa, suka wanke kwanuka a masaukan baƙi. A 1950 baƙi ba su kai 300,000 ba. A 1960 sun kusa 600,000. A 1970 sun haura miliyan ɗaya, watau wajen mutum ɗaya cikin shida, fiye da rabinsu kuwa Italiyawa ne.

Nufin hukuma shi ne baƙo ya zama raɓa, ya kwana, hantsi ya yi ya tafi, wani ya zo ya maye gurbinsa. Don haka aka shirya takardun izini hawa-hawa, na can ƙasa duka shi ne na ɗan ci-rani. Ɗan ci-rani ba ya wuce wata tara cikin shekara. Ba shi da ikon sake ubangida ko sake lardi yadda ya so, ba shi kuma da ikon kawo matarsa da 'ya'yansa. In ya iso bakin iyaka, a tashar Chiasso ko ta Brig, sai a jera su a tuɓe musu riguna, likita ya ɗauki hoton ƙirjinsu. Wanda aka samu da cuta a juya shi ya koma. Wanda ya wuce, sau da yawa masaukinsa bariki ne na katako a bayan gari, mutum huɗu ko shida ɗaki guda, ana cire kuɗin haya daga ladansa. In hunturu ya kama, aikin gini ya tsaya, sai ya koma gida ya jira ko za a sake kiransa baɗi.

Amma fa mutum ba icce ba ne. Wanda ya yi shekara biyar yana barin iyalinsa wata tara-tara, wata rana sai ya gaza. Miji yana aikin gini, mata ta sami aiki a masaƙa da nata izinin, to, yara fa? Waɗansu suka bar su wurin kakanni. Waɗansu suka kai su gidajen marayu da ke ƙetaren iyaka, wajen Como da Domodossola, ko da ya ke iyayensu na da rai, don su riƙa leƙa su ran Lahadi. Waɗansu kuwa suka shigo da su a ɓoye, suka kulle su cikin ɗaki. Yaro ya wuni ba ya leƙa taga, ba ya gudu, ba ya kuka da ƙarfi, ba makaranta, in an ƙwanƙwasa ƙofa ya shige ƙarƙashin gado ko cikin akwatin tufafi, don kada maƙwabci ya kai rahoto wurin 'yan sandan baƙi a kori gidan duka. Yara dubbai suka tashi haka, cikin ƙasar da ta ke cikin mafiya arziki a duniya.

Ran 30 ga Agusta, 1965, aka yi wata masifa da ta nuna matsayin mutanen nan. Ana gina madatsar ruwa a wani wuri mai suna Mattmark, cikin lardin Valais. Aka kafa barikin ma'aikata da ɗakin cin abincinsu daidai ƙarƙashin wani tsaunin ƙanƙara. Da la'asar wani ɓangare na ƙanƙarar ya ɓalle ya rufto, ya binne mutum 88, daga cikinsu 56 Italiyawa. Sai a 1972 aka yi shari'a, aka gurfanar da mutum 17, injiniyoyi da manyan kamfani da ma'aikatan hukuma, aka sallame su duka. Iyalan mamatan suka ɗaukaka ƙara, aka sake sallamar waɗanda a ke ƙara, aka kuma ce iyalan su biya rabin kuɗin shari'a.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce talakan Suwizalan ba shi da abin kuka. Yana da shi. An kawo mutane dubu ɗaruruwa cikin 'yan shekaru, ba a gina gidajen da za su ishe su ba, sai haya ta yi tsada, ɗaki ya yi wuyar samu. Makarantu da asibitoci suka cika. Tsohon ma'aikacin da ya yi shekara talatin a ma'aikata ɗaya ya waiwaya ya ga cikin mutum goma da ke gefensa, da biyu kaɗai ya ke iya hira. Yana kuma zargin cewa da ba don baƙin nan ba, da tilas mai ma'aikata ya ƙara lada ko ya sayi sabon inji. Zargin ba na banza ba ne, domin masu ma'aikatu da yawa sun ga kawo lebura daga Sisili ya fi musu sauƙi. Su suka ci ribar, su kuwa ba a unguwar leburori su ke kwana ba. Sai dai mai ma'aikata yana nesa, cikin gidansa a bakin tafki, Ba'italiye kuwa ga shi nan a matakalar bene, ga shi a tasha. Aka bar jaki aka shiga dukan taiki.

Abin da a ke faɗa a kan Italiyawa a lokacin, duk wanda ya taɓa zama baƙo a wani gari ya san irinsa. An ce suna da hayaniya, suna taruwa a tashar jirgi ran Lahadi suna toshe hanya. Ba a tambayi inda za su je ba, tun da ɗakinsu ba wurin zama. An ce suna yi wa 'yan mata fito, suna yawo da wuƙa, ba su da tsabta, abincinsu na wari, suna tara kuɗi suna aikawa gida ba sa kashewa a nan. An ce 'yan kwaminis ne. Aka laƙaba musu suna, Tschingg, wanda aka samo daga kalmar "biyar" ta Italiyanci, domin suna yawan kiranta da ƙarfi cikin wani wasan yatsu da su ke yi. Masu gidaje suka riƙa rubutawa a tallar haya cewa ban da Italiyawa. Abin mamaki, Italiyanci ɗaya ne daga cikin harsunan ƙasar, akwai kuma lardi guda, Ticino, wanda da shi 'yan ƙasa ke magana. Ashe ba harshen a ke ƙi ba, talaucin mai harshen a ke ƙyama.

Akwai wata kalma ta Jamusanci da ta zama tutar wannan rigima, Überfremdung, ma'anarta baƙi su yi yawa har su shafe kamannin 'yan gida. Ba masu koke suka ƙago ta ba. Tana cikin dokar baƙi ta 1931, wadda ta umurci ma'aikatan hukuma su riƙa duba wannan haɗari kafin su ba da izini, wani kwamitin da Gwamnati ta naɗa kuma ya ba da rahoto a 1964 cewa haɗarin ya riga ya matso. Cikin shekarar nan ta 1964 Italiya ta matsa aka sake yarjejeniya. Aka rage lokacin da mai izinin shekara zai jira kafin ya kawo iyalinsa, daga shekara uku zuwa wata 18, aka kuma yarda ɗan ci-ranin da ya yi wata 45 cikin shekara biyar a jere ya sami izinin shekara. Wannan ɗan sassauci ya nuna wa kowa cewa raɓa ta zama ruwan zama, sai hankali ya tashi. Wata jam'iyya ta lardin Zurik ta tara hannu ta miƙa takardar rage baƙi a 1965, amma da Gwamnati ta yi mata alkawari sai ta janye a 1968. Janyewar nan ta fusata wata ƙungiya da aka kafa a garin Winterthur a 1961, mai suna Nationale Aktion, wadda galibin 'ya'yanta ƙananan ma'aikata ne da masu 'yan kantuna da tsofaffi masu fansho. Suka ce su za su kawo tasu, ba kuwa za su janye ba.

Wanda ya ja su shi ne James Schwarzenbach. Shi ba talaka ba ne. An haife shi a 1911 cikin ɗaya daga manyan gidajen attajiran Zurik, masu masaƙun siliki. Ya yi karatu mai zurfi, ya bar ɗarikar iyayensa ya koma Katolika, ya yi sana'ar buga littattafai. Da ƙuruciyarsa ya yi tarayya da masu ra'ayi irin na 'yan Fasist, ya kuma daɗe yana yabon Janar Franco na Sipaniya. A 1967 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai, shi kaɗai daga ƙungiyarsa cikin wakilai 200. Mutum ne mai iya magana, mai sanyin murya, ba ya zagi a bainar jama'a. Kullum cewa ya ke shi ba ya ƙin baƙi, haɗamar masu ma'aikatu ya ke yaƙa, waɗanda za su sayar da ƙasa don riba. Talakawa suka ga ga ɗan babban gida yana faɗin abin da ke cikinsu, manya duka sun taru a kansa, sai suka ƙara sonsa.

Ba su da kuɗi, ba su da jarida babba. Da ƙafa suka yi aikin, suna kafa tebur a bakin kasuwa, suna bin gidaje, suna miƙa takarda daga hannu zuwa hannu a wurin aiki. A watan Mayu 1969 suka kai wa hukuma hannu 70,000 da 'yan kai. Abin da takardar ta nema shi ne, a kowane lardi kada baƙi su wuce kashi 10 daga cikin ɗari na 'yan ƙasa, in ban da Janiba, inda ofisoshin ƙasashen duniya su ke, wadda aka yarje wa kashi 25. A cika wannan cikin shekara huɗu. Har wa yau, kada a sallami ɗan ƙasa daga aiki don rage ma'aikata muddin akwai baƙo mai irin aikinsa a wurin.

Amma akwai waɗanda takardar ta ce ba za a ƙidaya ba, a nan ne kuwa mai karatu ya kamata ya tsaya ya duba. Ban da ɗalibai, ban da masu yawon shan iska, ban da ma'aikatan asibiti, ban da masu kwana a ƙetaren iyaka su shigo aiki da safe, ban da kuma 'yan ci-rani masu wata tara waɗanda ba su zo da iyali ba. Watau mutumin da ke kwana a barikin katako, wanda ba shi da mata kusa, ba shi da bakin magana, a ci gaba da kawo irinsa ko nawa ne. Wanda za a kora shi ne wanda ya kama ɗaki, ya kawo iyali, ya sa ɗansa makaranta, ya fara jin Jamusanci. Mai cewa yana yaƙi da haɗamar masu ma'aikatu ya bar musu lebura mafi araha, ya sa hannu a kan wanda ya fara zama maƙwabci.

Gwamnati da Majalisa da manyan jam'iyyu duka, da masu ma'aikatu, da shugabannin coci, da kusan dukan jaridu, suka ce a ƙi. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago ma haka suka ce, ko da ya ke su kansu sun sha neman a ƙayyade yawan baƙi, saboda haka mabiyansu da yawa ba su saurare su ba. Hujjar da masu ƙi suka fi kawowa kuwa ta aljihu ce: wa zai yi gini, wa zai share titi, wa zai ɗauki tire a masauki? Kaɗan ne suka ce mutanen nan mutane ne, suna da hakki. Ɗakunan taro suka riƙa cika maƙil duk inda Schwarzenbach zai yi magana, gardama ta shiga gidaje, wa da ƙane suka daina gaisawa. Da Gwamnati ta ga iskar da ke kaɗawa, sai tsoro ya kama ta. A watan Maris 1970, saura wata uku a jefa ƙuri'a, ta kafa doka ta ƙayyade yawan sababbin baƙin da za a ba izini kowace shekara a ƙasa baki ɗaya, ta yi alkawari yawan ma'aikata baƙi ba zai ƙara hawa ba. Tun ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, masu koke sun sami rabin abin da su ke nema.

Su kuwa waɗanda a ke gardama a kansu, ba wanda ya tambaye su. Ba su da ƙuri'a. Akwai ma wata doka ta 1948 wadda ta hana baƙon da ba shi da izinin zama na dindindin yin jawabin siyasa a taro sai da yardar hukuma, ba a kuwa soke ta ba sai a 1998. Suna da ƙungiyoyinsu, suna taruwa suna shawara, amma kowa ya san in ya ɗaga murya ana iya ƙin sabunta masa takarda. Mutum ya tafi aiki ya tsaya kusa da abokin aikinsa na shekara goma, bai san abin da zai jefa ran Lahadi ba. Da yawa daga cikin waɗanda su ke yara a lokacin sun ba da labari daga baya cewa iyayensu sun sauko da akwatuna sun shirya kaya, suka zauna gaban rediyo suna jira. Matan ƙasar su ma ba a tambaye su ba, domin sai ran 7 ga Fabrairu, 1971, aka ba su ƙuri'a a al'amuran Tarayya.

Ran ƙuri'a mutum uku cikin kowane huɗu suka fita, abin da aka daɗe ba a gani ba. Da aka ƙidaya, masu cewa a rage 557,517, masu cewa a'a 654,844, watau kashi 46 da kashi 54 daga cikin ɗari. Tazarar ba ta kai 100,000 ba. Baƙi suka sha da ƙyar, suka mai da akwatuna bisa kabad, amma sun riga sun san cewa cikin kowane maza biyu da za su gamu da su a hanya, kusan ɗaya ya so a kore su.

In an duba inda ƙuri'un suka fito, sai a ga abu biyu. Lardunan da suka amince su ne Bern da Luzern da Fribourg da Solothurn, da ƙananan lardunan duwatsu na Uri da Schwyz da Obwalden da Nidwalden. Galibinsu wurare ne na manoma da makiyaya inda baƙi ba su da yawa, arzikin ma'aikatu kuma bai kai can sosai ba. Sun ƙi baƙon da ba su cika gani ba. Sa'an nan cikin manyan birane, unguwannin ma'aikata na Zurik da Basel, waɗanda suka saba bin jam'iyyar ƙwadago, da yawansu suka bi Schwarzenbach, unguwannin masu hali kuwa suka ƙi. Lardunan da baƙi suka fi cika, kamar Janiba da Ticino, suka ƙi da babban rinjaye.

Tsugune ba ta ƙare ba. A watan Maris 1971 wani ya yi wa wani kafinta Ba'italiye dūka a wani gidan shan shayi a Zurik, aka ja shi waje aka yar a bakin hanya, mutane na kallo, ya mutu. Ɗaurin wata 18 aka yi wa wanda ya kashe shi. A zaɓen shekarar nan Schwarzenbach, wanda ya riga ya ɓata da abokansa ya kafa tasa jam'iyya, ya sami kujera 7, tsohuwar ƙungiyarsa ta sami 4. A 1974 ƙungiyar ta sake tara hannu ta kawo wata takarda mafi tsanani, har shi Schwarzenbach ya ce ta wuce gona da iri. A wannan karo da mata aka jefa ƙuri'a, mutum biyu cikin uku suka ƙi. A 1977 aka sake kawo waɗansu, aka sake ƙi.

Abin da ƙuri'a ta kasa yi, kasuwa ta yi shi cikin ruwan sanyi. Da man fetur ya yi tsada a 1973, ciniki ya faɗi, cikin shekara uku ayyuka wajen 300,000 suka ɓace a Suwizalan, galibinsu na baƙi. Ba a kori kowa da sanda ba. Wanda aikinsa ya ƙare, sai a ƙi sabunta masa takarda. Ɗan ci-rani kuwa a ƙi kiransa baɗi. A lokacin ba a tilasta wa ma'aikaci shiga asusun taimakon marasa aiki ba, saboda haka da yawa ba su da abin da za su zauna su ci. Suka hau jirgi suka koma kudu. Littafin hukuma ya nuna kusan ba marasa aiki a ƙasar, domin an tura su sun zama marasa aikin Italiya da Sipaniya.

Masu tausayin baƙi su ma suka gwada hanyar tara hannu. Mutanen coci da waɗansu 'yan ƙwadago suka kawo takarda mai neman a soke tsarin ci-rani, a bar kowa ya zauna da iyalinsa. A watan Afrilu 1981 aka jefa mata ƙuri'a, fiye da kashi 80 daga cikin ɗari suka ƙi, ba lardi ko ɗaya da ya amince. Tsarin ci-rani ya zauna har 2002, sa'ad da yarjejeniyar zirga-zirga da Tarayyar Turai ta fara aiki. Schwarzenbach bai ga wannan ba, ya mutu a 1994. Hanyar da ya share kuwa ba ta toshe ba, wata babbar jam'iyya ta gaje ta. Da tara hannu aka hana gina hasumiyar masallaci a 2009, alhali hasumiya huɗu ce kaɗai a ƙasar duka, da shi kuma aka ci ƙuri'ar ƙayyade shigowar baƙi a 2014, da rinjayen da bai kai kashi ɗaya ba.

Italiyawan da suka zauna fa? 'Ya'yansu suka yi karatu, suka zama malamai da 'yan kasuwa da 'yan ƙwallo, abincin da a ke cewa yana wari ya shiga kowane gida. Wani abin da ya faru a garin Emmen, kusa da Luzern, ya nuna inda aka kwana. A Suwizalan haihuwa cikin ƙasa ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, sai ya nema, sai kuma garin da ya ke zaune ya yarda. A 1999 magadan ƙungiyar Nationale Aktion, waɗanda suka sake suna, suka tara hannu a Emmen suka sa aka mai da wannan hukunci hannun jama'ar gari, a riƙa jefa ƙuri'a a asirce a kan kowane mai nema. Aka buga ɗan littafi aka raba gida-gida, da hoton kowane mai nema, da asalinsa, da sana'arsa, da abin da ya ke samu. A watan Maris 2000 aka kawo mutum 56, dukansu sun cika sharuɗɗan hukuma. Jama'a suka karɓi 8, suka ƙi 48. Takwas ɗin nan duka Italiyawa ne. Waɗanda aka ƙi kuwa galibinsu mutanen tsohuwar Yugoslabiya ne, abin da a ke faɗa a kansu kuma bai bambanta da wanda aka faɗa a kan Italiyawa shekara talatin baya ba.

Waɗansu daga cikin waɗanda aka ƙi suka kai ƙara. A watan Yuli 2003 Kotun Tarayya da ke Lausanne ta ce an nuna musu bambanci saboda asalinsu, ta kuma ce duk wanda za a hana zama ɗan ƙasa tilas a gaya masa dalili, akwatin ƙuri'a kuwa ba ya faɗin dalili. Masu adawa da hukuncin suka koma ga tebur da takarda, suka tara hannu fiye da 100,000 don a mayar wa garuruwa ikonsu ba tare da ɗaukaka ƙara ba. Ran 1 ga Yuni, 2008, aka kai maganar gaban jama'ar ƙasa duka, kusan mutum biyu cikin uku suka ƙi.